Abin da Baba Shiru Ya Koya wa Na'ura

Ranar Alhamis da hantsi Manaja ya aika a kira masa Baba Shiru, kuma tun daga jin "a kira" Baba ya san ba alheri ba ne. In alheri ne, Manaja da ƙafarsa yake kawowa, don a ga fuskarsa. Baba ya jingine cebur, ya wanke hannu a famfon ɗakin tatsa, ya tsaya a ƙofar ofis yana buga takalman robarsa a ƙasa, duk da ya san kashin shanu ba ya jin kakkaɓa.

Shekara ashirin da shida ke nan yana kula da shanun wannan gona. Ɗari biyu ne da 'yan kai, duk na madara, kuma babu wadda bai sani ba tun tana maraƙa tana tangaɗi. Mutum ne mai tsadar magana. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Shiru, har sunansa na gaskiya ya zama sai a katin aiki ake ganinsa.

Ofishin ɗan ɗaki ne mai fanka mai kuka, da kalandar kamfanin abincin dabbobi wadda ba a juya ba tun watan jiya, da kujerun roba biyu, ɗaya mai ƙafa uku da rabi. A bango akwai ƙaton allo. Kowace saniya tana da layinta a jikinsa, da lambarta. Layukan duk kore ne, sai guda ɗaya ja.

"Baba, zauna. A'a, ba wannan ba, waccan." Manaja ya nuna allon da biro. "Ɗari da sha biyu."

"Alƙaliya," in ji Baba.

"To, ita. Yau kwananta goma sha ɗaya a ja."

Bara ne aka rataya wa kowace saniya abin wuya, wani ɗan akwatin roba da bai fi sabulun wanka girma ba. Duk motsin da ta yi yana ji: ta sunkuya ta ci, ta kwanta, ta yi tuƙa, ta yi tafiya. Sai ya aika wa kwamfuta, ita kuma ta yanke hukunci, ta shafa kore ko ja. Ma'aikata munafuki suke kiransa, tunda ba ya ji ya yi shiru. Baba bai taɓa ƙin abin ba. Sau biyu ma munafukin ya riga shi gane saniya mai kumburin ciki, kuma ya amsa hakan a gaban mutane, abin da ba kowane tsoho zai yi ba.

"Ka san ƙa'idar babban ofis," in ji Manaja. "Saniyar da ta cika kwana goma sha huɗu a ja, lambarta da kanta take hawa takardar mahauci. Ba ni nake rubutawa ba. Ran Lahadi za ta cika. Ran Litinin mota za ta zo."

"Likita ya duba ta."

"Sau uku. Zafin jiki daidai, hantsa daidai, kofato daidai. Har jini ya ɗauka."

"To ka rubuta musu."

"Na rubuta. Sun ce idan Likita da na'ura suka saɓa, a bi na'ura, don ita ba ta gajiya, kuma ba ta da 'yar lele a cikin shanu." Manaja ya shafa sanƙonsa. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne dai da ya fi tsoron waya daga babban ofis a kan duk abin da Allah ya halitta. "Na kira Injiniya, gobe tana tafe. Wataƙila abin wuyan ne ya lalace."

Baba ya san ba abin wuyan ba ne. Ya tashi ya nufi garke na uku.

Tana nan inda ya san zai same ta, a kusurwar shinge, ta fuskanci babbar ƙofar gona. Baƙar saniya ce mai farin goshi, kuma tun tana karsana take da wani irin kallo, na wanda ya riga ya yanke hukunci, yana jira ne kawai ka gama surutunka. Daga nan sunan ya fito. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce aka ɗauke ɗanta. Namiji ta haifa, gonar madara kuwa ba ta da abin yi da namiji, sai aka sa shi a mota tare da wasu uku, motar ta fita ta wannan ƙofar. Kowace saniya takan yi haka: kwana biyu, kwana uku, ta yi kuka, ta yi sintiri, sannan yunwa ta ci ƙarfinta ta koma kwamin abinci. Alƙaliya dai ba ta ga dalilin komawa ba. Takan je ta ci abin da zai riƙe ta, ta yarda a tatse ta ba gardama, ta dawo kusurwarta ta ɗaga kai. Taku uku hagu, taku uku dama. Muryar ma ta ƙare, saura buɗe bakin.

Baba ya ɗora hannu a wuyanta, ƙasa da munafukin. Shi ya jawo ta da hannunsa daga cikin uwarta, ranar da ta zo duniya da ƙafar baya. Yana son ta, ba wani ɓoye-ɓoye.

Ranar bai bar dabara ba. Ya kawo mata dusa har kusurwa, ta ci loma biyu don kada ya ji kunya. Ya kora ta ɗaya gefen garken, kafin ya rufe ƙyaure ta riga shi dawowa. Ya samo kwanon rufi ya ɗaure a jikin shingen don kada ta hangi ƙofar, sai ta tsaya tana kallon kwanon, taku uku hagu, taku uku dama. Shugabar masu tatsa, wata mata mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi, ta matso ta yi abin da a wurinta raɗa ne.

"Baba, ka kwance munafukin ka rataya wa Ƙatuwa mana. Ita ai ko girgizar ƙasa ake yi ci take."

"An gwada bara. Da an kwance yake kai rahoto."

"Ɗan banza," in ji ta, ta koma bakin aikinta.

Washegari Injiniya ta iso, wata siririyar mata mai tabarau da jakar baya da ta kusa fin ta nauyi. Ita ta kafa na'urar bara, kuma har yau ba ta koyi zuwa gonar shanu da takalmin da ya dace ba. Ta kwance abin wuyan Alƙaliya, ta gwada, ta girgiza, ta mayar. Babu abin da ya same shi. Ta shiga ofis ta buɗe kwamfutarta, ta yi awa guda tana bincike, sannan ta cire tabarau ta ce a kira mata Baba.

"Baba, ina wuni. Ya gwiwar?"

"Lafiya lau," in ji Baba, yana zama da dabara saboda gwiwar.

"Ka tuna bara, wata biyun nan da ka yi kana kallon bidiyo kana danna maballi?"

Ina zai manta? An kafa kyamarori a garke, aka zaunar da shi a wannan ɗakin da wani ɗan akwati mai maballi bakwai: ci, tuƙa, kwanciya, tafiya, tsayuwa, neman bijimi, rashin lafiya. A nuna masa saniya na daƙiƙa goma, ya danna abin da take yi, a nuna masa wata. Dubu goma sha ɗaya ya danna. Tunda yake bai taɓa aikin da ya gajiyar da shi irin wannan zaman ba.

"To ka ga," in ji Injiniya, "na'urar nan ba ta san saniya ba. Ba ta taɓa ganin saniya ba. Motsi kawai take ji, sai ta tambayi kanta: da Baba ya ga irin wannan motsin, me ya danna? Duk abin da ta sani, kai ka gaya mata."

"Wato ɗalibarsa ce," in ji Manaja.

"Mai ƙoƙari ma kuwa." Ta juyo da kwamfutar. A ciki wata jar saniya ce ta bara, tsaye a jikin shinge, kai a sama, tana sintiri a wuri ɗaya. "Baba, me ka danna wa wannan?"

"Rashin lafiya."

"Me ya sa?"

Baba ya dube ta don ya tabbatar ba wasa take yi ba. "Ba ta da lafiya mana."

"Me ke damunta?"

"An ɗauke ɗanta."

"Amma jikinta fa?"

"Jikinta ƙalau. Ita ce ba lafiya."

Manaja ya ajiye biro a hankali, ya haɗa tafukan hannu.

"Baba. Wato duk kiran Likitan nan da muke yi, duk sanda aka raba maraƙi da uwarsa waya ta hau ƙara, bawan Allah ya taso tun daga gari ya zo bai ga komai ba, har ya fara zuwa da jarida, kai ne?"

"Ni ne, ashe."

"Me ya hana ka danna tsayuwa? Ba a tsaye take ba?"

"Mai shan iska ma a tsaye yake," in ji Baba. "Wannan ba irin tsayuwar ba ce."

Sai da ya faɗi haka abin ya gama shiga kansa. Ba babban ofis ba ne ya ɗora Alƙaliya a hanyar mahauci, ba munafuki ba ne, ba Manaja ba ne. Shi ne, da ɗan yatsansa, bara, a kan wannan kujerar.

"Akwai gyara," in ji Injiniya da sauri, don ta ga fuskarsa. "Bidiyon da ka danna wa rashin lafiya ɗari shida da arba'in ne. Sai mu sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ciwon jiki ne, mu bar ta a ja. Wadda irin wannan ce, ka ce lafiyarta ƙalau. Na'ura ta sake koyo, kafin Lahadi ta fita ɗari da sha biyu ta koma kore."

"A ƙara maballi," in ji Baba.

"Na me?"

"Kewa."

Injiniya ba ta yi dariya ba, kuma Baba ya riƙe mata wannan alherin. Ta ce sabon maballi sai an rubuta wa babban ofis, sun zauna, sun sa hannu, wata uku in an yi sauri. Ta ce kuma kowane maballi sai da abin da za a yi in ya kunnu. Neman bijimi, a kai ta wurin bijimi. Rashin lafiya, a kira Likita.

"Kewa fa, Baba, wa za a kira?"

Baba ya yi tunani da gaske, bai samo kowa ba.

"To ki canza da kanki, tunda ke ce mai kwamfuta," in ji shi.

"Ni duk tsayuwa ɗaya nake gani. In na mayar da su duka kore, gobe saniya ta kamu da ciwon hantsa na'ura ta ce lafiya lau. Kai kaɗai ka san wace ce wace."

"Zan yi tunani."

"Tunanin me?" Manaja ya miƙe tsaye. "Baba, kalma biyu ce fa!"

Kalma biyun ce matsalar. Baba Shiru yakan yi ƙarya a kan kansa sau goma kafin tsakar rana, kamar kowa: ya gwiwa, lafiya lau, ya gida, lafiya lau. Wannan bakinsa ne, shi ke da iko da shi. Amma saniya ba ta da baki. Shekara ashirin da shida shi ne bakinsu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa saniya lafiyarta ƙalau ba alhali ya san ba haka ba ne. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba. Wannan kaɗai ya tara, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda ya sani.

Gidan da yake zaune ɗaki biyu ne a layin ma'aikata, bayan rumbun ciyawa. Ya iso da yamma ya tarar da matarsa a gaban keken ɗinki, fil uku a baki, tana rage wa wata maƙwabciya siket. Ita Allah ya ba ta duk maganar da ya hana shi. Ta dube shi sau ɗaya, ta zubo fil ɗin a tafin hannu.

"Baban Auta, wa ya mutu?"

"Ba a mutu ba tukuna."

Ya ba ta labari a taƙaice, yadda yake ba da komai. Ta zuba masa shayi tana saurare. Da ya kai ƙarshe sai ta zauna a bakin gado ta yi ta dariya har da riƙe ciki, shi kuwa yana kallon kofinsa.

"Wato kai ka kai ta ƙara."

"Ni ne."

"Don tausayi."

"Don tausayi."

"Allah ya raba mu da tausayinka." Ta share ido da bayan hannu. Sannan dariyar ta yanke, kamar an ɗauke wuta. "To ni fa? Da Auta ya tafi aikin jirgin ruwan nan, wata nawa na yi a bakin tagar can? Wane maballi ka danna mini?"

Auta shi ne ɗansu na ƙarshe. Shekararsa uku a teku, yakan kira ne in jirgin ya tsaya inda akwai sabis. Baba ya dubi tagar. Labulen ya fi koɗewa a gefen da ake ɗagawa, kuma sai yau ya lura.

"Ke ai kullum na tambaye ki, lafiya lau kike cewa."

"To me zan ce? Ka taɓa tambayar wani ya ce maka wani abu dabam?"

"Na ɗauka..."

"Ka ɗauka. Saniya ba ta ce maka komai ba ka gane, ni na ce maka kalma biyu ka yarda." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta mayar da fil baki, ta ci gaba da magana ta gefe ɗaya. "Je ka gobe ka gaya musu abin da suke son ji. Ba ya kisa, ni shaida ce. Mahauci shi ke kisa."

Shayin ya huce a hannunsa. Ya so ya ce mata wani abu game da tagar, ya juya shi a baki, ya ga ya makara da shekara uku. Sai ya tambaye ta ko ya gyara mata fedar keken da ke ƙara. Ta ce ya gyara.

Ran Asabar ƙarfe bakwai ya riga Injiniya zuwa ofis. Akwatin maballi na bara an mayar da shi tuni, sai allon kwamfutarta da ake taɓawa da yatsa. Baba ya taɓa, allon bai san an taɓa shi ba. Ya danna da ƙarfi. Ya goge yatsan a riga ya sake. Hannunsa ya yi kanta har na'ura ba ta ɗauke shi a mutum ba.

"Ba komai," in ji Injiniya. "Kai ka faɗa, ni in danna."

Da ya san da baki za a yi, da wataƙila bai zo ba. Amma ya riga ya zauna.

Na farko mai sauƙi ne. "Ciwon hantsa. Dubi yadda take ware ƙafafun baya. Bar ta a ja." Na biyu kumburi ne, cikin hagu ya tashi. Na uku ƙusa ce a kofato, ya tuna ranar, shi ya cire. Na huɗu jar saniyar nan ce ta jiya, a jikin shinge.

Injiniya ta jira. Daƙiƙa goman suka ƙare, bidiyon ya koma farko, saniyar ta sake ɗaga kai. Sau uku tana ɗagawa.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Baba.

Ta danna. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Na biyar ya fito.

Haka suka yi ta yi. Ya san su duka. Ga Gajeruwa, ga Mai-Tabo, ga Kurma wadda ba kurma ba ce, raini ne kawai. Da yawansu ba sa duniya, sun bi motar Litinin a nasu lokacin. Ga uwar Alƙaliya da kanta, a wannan kusurwar, da kallon nan nasu na gado. Lafiyarta ƙalau. Zazzaɓi, bar ta a ja. Lafiyarta ƙalau. Lafiyarta ƙalau. Wajen sha ɗaya Manaja ya leƙo da lemo biyu, ya ji yadda Baba ke furta kalmomin, ya ajiye lemon ya fita ba tare da ya ja ƙofa ba.

"Baba, wannan ba kai ba ne?" Injiniya ta nuna gefen allo. Rabin mutum ne, hula da kafaɗa, da hannu a wuyan saniya.

"Wucewa nake yi."

Bayan bidiyo shida, ga shi nan kuma. Bayan tara, ga shi. Kusurwar kuwa ba ta kai mutum ko'ina, shinge ne ta nan, shinge ta can. Injiniya ta daina nunawa.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, wajen na ɗari uku bakinsa ya saba. Kalmomin suka riƙa fita da kansu, sumul, yadda gaisuwa ke fita a hanya. Har ya iya faɗa yana buɗe lemo. Ya gwammace zafin da ya ji da safe, ya neme shi, bai same shi ba, kuma wannan ya tsorata shi.

Sun gama biyar saura. Injiniya ta yi miƙa, ta ce ɗari biyu da goma sha uku suka canza. Baba kuwa bai tambaye ta adadin ba. Ta ce na'ura za ta kwana tana koyo. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara igiyar jakarta, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Zan rubuta musu maganar maballin." Ya ce Allah ya yi albarka. Su biyun sun san irin aljihun teburin da takardar za ta kwana.

Ran Lahadi da safe layin ɗari da sha biyu ya koma kore. Ba na ranar kaɗai ba. Na'ura ta koma baya da sabon karatunta ta sake duba duk abin da munafuki ya taɓa aikowa, kwana goma sha ukun nan suka zama kore tas, ba wanda zai ce an yi su. Manaja ya fitar da takardar mahauci, lambobi biyu ne kawai a kai, na tsofaffi biyu da nononsu ya ƙafe.

Ran Litinin motar ta zo, ta ɗauki biyun, ta fita. Alƙaliya ta bi ta da kallo daga kusurwarta, a raye, da ƙafafunta huɗu a ƙasa. Baba ya yi murna, murna ta gaske, har gwiwar ta manta da shi na wuni guda. Shugabar masu tatsa ta rantse ta gan shi yana murmushi, amma ba ta samu shaida ba.

Ran Talata firinta ta fitar da jadawalin aikin mako. Na'ura ce ke tsara shi, ta tura babban makiyayi inda ja ya fi yawa. Garke na uku babu ja ko ɗigo, don haka ba shi da buƙatar Baba. Aka rubuta shi can ƙarshen gona, garken karsana, tafiyar minti ashirin.

A safiyar kuma aka ɗauke maruƙa huɗu daga garke na uku. Daga inda yake yana jin uwayen, iska na kawo kukan gutsure-gutsure. In da ne, war haka wayoyi sun hau ƙara, Likita ya taso da jaridarsa, ya danna musu ciki, ya ɗaga musu kofato, ya sosa musu wuya don su tsaya, Baba yana riƙe da kai yana yi musu magana a kunne. Zuwan banza ne, kowa ya faɗa, kuma gaskiya ne. Amma dai wani yana zuwa. Yau wayarsa sau ɗaya ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta daga ido ya karanta: "Garke na uku: duka lafiya."

Da hutun rana ya yi, ya bar kwanon abincinsa a rufe, ya kama hanya da gwiwarsa. Shanu biyar ya tarar a jikin shingen, Alƙaliya a kusurwa, sababbin huɗu a jere kusa da ita, su har yanzu da sauran murya. Babu kowa a garken. Hannu biyu gare shi, ya ɗora ɗaya a wuyan Alƙaliya, ɗaya a wuyan ta kusa da ita. Sauran ukun suka ci gaba da sintiri.

Manaja ya zo wucewa a kan babur, ya gan shi, ya taka birki.

"Baba, me kake yi a nan? Ba nan aka rubuta ka ba." Ya ciro waya ya duba, ya juyo masa da ita, fuskarsa a sake, da zuciya ɗaya. "Ka kwantar da hankalinka. Ga shi nan, lafiyarsu ƙalau."

"Na sani," in ji Baba Shiru. "Ni na faɗa."